Bawul ɗin da Na Ɗaura a Juye

Ni makanikin janareta ne. Tun da na baro ƙauyenmu a ƙasar Jigawa na shigo Kano, abin da hannuna ya saba da shi ke nan, manyan injinan da ke ba kamfani wuta. Na fara a wata masaƙa a Bompai, aka rufe ta muna ji muna gani. Na koma wata majema a Sharada, ita ma ba ta daɗe ba ta bi sahu. Duk wanda ya taɓa zuwa aiki da safe ya tarar da kwaɗo a ƙofar kamfani har sau biyu, tsoro ba ya ƙara rabuwa da shi. Saboda haka da Allah Ya ba ni aiki a wani kamfanin roba a Challawa, inda ake buga bokitai da butoci, sai na riƙe shi hannu bibbiyu. Lokacin ina zaune a Kumbotso da matata da 'ya'ya biyar.

Manajanmu ɗan mai kamfanin ne, matashi, bai wuce talatin da 'yan kai ba. Ba shi da wulaƙanci, sau da yawa ma shi yake fara gaishe ni. Abu ɗaya ne ya shige masa rai, wato motarsa. Baƙa ce, ƙirar Jamus, mai ƙofa huɗu, ta yi ƙasa kamar za ta lashi kwalta. In ya tayar da ita gurnani take yi, tun daga kwanar layinmu maigadi yake jin ta ya tashi ya buɗe ƙofa. Ni ko kusa da ita ba na son gittawa da sifana a hannu, kada tsautsayi ya sa in karce ta.

Wata Asabar da safe, cikin zafin bazara, ya shigo da ita har bakin ɗakin janareta, inda bai taɓa kawo ta ba. Ya fito da wani ɗan kwali, ya buɗe a gabana. A ciki akwai gwangwanin ƙarfe mai sheƙi, bai fi kofin shayi girma ba, da tiyo biyu, da zobban ɗaure tiyo, da wani ɗan baƙin bawul kamar babban yatsa, mai barin iska ta wuce ta gefe ɗaya kawai, da takarda a ninke.

Ya ce, "Malam, daga waje na yi odarsa. Ka san injin yana numfashi, ko? Tururin baƙin mai da ke tasowa daga cikinsa, tiyo ne ke mayar da shi inda iska ke shiga, ya ƙone tare da fetur. To shi wannan tururin yana tara dauɗa a maƙogwaron injin. Wannan gwangwanin a tsakani ake sa shi, ya tare man, iska ta wuce ita kaɗai. So nake ka ɗaura min."

Na fahimci bayanin, domin janareta ma tana da nata numfashin. Amma da ya ɗaga bonet na leƙa, sai na ga ba irin abin da na saba ba ne. Injinan da na sani a sake suke, za ka iya zura kafaɗarka tsakanin wannan da wancan. Wannan kuwa a cushe yake, wayoyi da robobi sun hau kan juna, ko tafin hannu da ƙyar zai shiga.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da dai an kai wa masu ita. Akwai garejin nan na Bompai da ka saba kai ta."

Ya yi dariya. "Waɗannan sai su riƙe min ita mako guda. Tiyo biyu ne fa da noti huɗu. Kai da kake kwance injin da ya kai ɗaki girma, wannan ne zai gagare ka? Ina da tafiya da rana, kafin azahar nake son ta."

Da muguwar rawa gara ƙin tashi, na san haka. Amma yabon ya shige ni, kuma ban san yadda ake ce wa ɗan mai kamfani a'a sau biyu ba. Na karɓi kwalin.

Mai waldar kamfaninmu wani dattijo ne mutumin Kudancin Kaduna, Kirista, kowa Baba yake ce masa. Ya girme ni da kusan shekara goma, kuma tare muke cin abincin rana tun zuwana. Shi na kira ya yanko min ɗan ƙarfe, ya lanƙwasa shi ya huda, muka sami abin da za a rataya gwangwanin a gefen injin, nesa da zafi. Ya gama nasa ya koma shagonsa. Ni kuma na shimfiɗa tsumma a jikin motar don kada bel ɗina ya goge ta, na cire murfin roban da ke kan injin, na bi tiyon numfashin da yatsa har na gane inda ya fito da inda ya shiga. Na zare shi a hankali, tare da tsohon bawul ɗin da ke bakinsa. Cikin tiyon jiƙe yake da baƙin mai. Na auna sababbin, na yanka, na sa na farko daga injin zuwa gwangwani, na ɗaure tam. Aikin yana tafiya.

Saura tiyo na biyu, mai tashi daga gwangwani ya koma mashigar iska, wanda sabon bawul zai zauna a tsakiyarsa, sai aka ɗauke wuta. A kamfanin roba ba a wasa da wannan. In injinan suka tsaya da narkakkiyar roba a cikinsu ta daskare, aikin kwana biyu ne fitar da ita. Na watsar da komai na ruga na tayar da babbar janareta, na tsaya a kanta har ta ɗauki nauyi ta daidaita. Kafin in dawo rana ta take, manaja yana tsaye a jikin motar yana duba agogo.

Bai yi min faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Da saura da yawa?"

Na ce, "Yanzun nan, ranka ya daɗe."

Na ɗauki bawul ɗin. Na ga 'yar kibiya a jikinsa, ba zan yi ƙarya in ce ban gani ba. Na ce a raina, gwangwani shi ne mai tarawa, to kibiya gwangwani za ta kalla. Takardar tana nan cikin kwali a gefen ƙafata, ban buɗe ta ba. Turancinta ƙanana ne, mutum kuma yana tsaye a kaina, ba na son ya ga ina lalube.

Na ɗaure, manaja ya tayar. Motar ta yi silo lafiya lau, babu yoyo, babu wata ƙara. Ya ɗan taka totur sau biyu tana tsaye, ta amsa. Ya ji daɗi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani? Dama na faɗa maka." Kafin ya rufe bonet na ɗauki hoton aikin da wayata, don in nuna wa yarana. Ya ja motar ya fita.

Bayan na yi sallar azahar, an kuma dawo da wuta, na tarar da Baba a gindin darbejiyar da muke zama, da kwanon shinkafa da wake a gabansa. Ashe ya tsinci takardar nan a cikin kwalin, ya sa tabarau yana dubawa, don shi mutum ne mai son karanta duk abin da ya gani. Na miƙa masa wayar ina murmushi. Ya kalli hoton, ya kalli takardar, ya sake kallon hoton.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ƙara girman wajen nan."

Na ja hoton da yatsu biyu. Kibiyar ta fito fes, tana kallon gwangwani. Ya ɗora yatsansa a kan zanen takardar. A can kibiyar baya ta ba gwangwani, injin take kallo. A ƙarƙashinta akwai rubutu da manyan baƙaƙe a cikin jan layi.

Na ce, "Me suka ce a nan?"

"Sun ce in aka juya shi, kada a tuƙa motar."

Ban buƙaci ƙarin bayani ba, nan take komai ya warware a kaina. Irin wannan injin yana da tobo, wani abu mai hura masa iska da ƙarfi in an taka totur sosai. Aikin bawul ɗin shi ne ya rufe hanya a wannan lokacin, kada iskar ta juyo ta gangara cikin injin inda baƙin mai yake kwance. Ni kuwa na buɗe mata hanyar. A silo ba za a ga komai ba. Amma da zarar an hau babban titi an taka, iska za ta cika cikin injin, man ya nemi mafita ta ko'ina, ta bakin gejin auna mai, ta kowace roba mai rauni. A ƙasan wajen kuma salansa ce, wadda take yin ja don zafi.

Lomar da ke hannuna na mayar cikin kwano.

Abin da na fara cewa har yau ina jin kunyarsa. Na ce, "Wataƙila ba abin da zai faru. In ya dawo Litinin sai in ce zan ƙara ɗaure wani noti, in juya shi."

Baba ya cire tabarau ya dube ni. "Ina ya ce za shi?"

Ban sani ba. Muka je wajen maigadi. Ya ce ai manaja ya gaya masa zai biya gida Hotoro ya ɗauki Hajiya, mahaifiyarsa, za su Zariya ta'aziyya, yau za su juyo.

Hanyar Zariya. Na san yadda yake tuƙi ko a cikin layinmu mai ramuka, balle ya ga kwalta shimfiɗe a gabansa. Na kira wayarsa, ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira. Sau biyar ina kira ba a ɗauka ba. Na rubuta masa saƙo, na ce ya tsaya duk inda yake, kada ya taka mota. Ba amsa.

Baba ya shiga shagonsa ya ciro tukunyar kashe gobara daga jikin bango, ya rungumo ta, ya ce, "Tayar da mashin ɗinka."

Na gaya wa foman, shugaban ma'aikatanmu, cewa fitar gaggawa ta kama ni, ban tsaya jin amsarsa ba. Barin ɗakin janareta ba kowa laifi ne da ake korar mutum a kansa, amma a lokacin ko tunawa da haka ban yi ba.

Lissafina shi ne, daga Hotoro dole ya biyo baifas ya ɓullo Na'ibawa kafin ya miƙe hanyar Zariya. A cikin gari cunkoso ba zai bar shi ya taka ba. Mu kuma in muka yanke ta Kumbotso, muna iya riga shi isa. Na ja mashin, Baba a bayana da tukunya a cinya. Tireloli sun cika hanyar fita daga Challawa, na riƙa kutsawa ta tsakaninsu, zafin salansarsu yana dukan ƙafata. Muka wuce kan layin gidanmu. Na hango inda matata take sayen kayan miya. Bakina ba abin da yake maimaitawa sai, Allah Ka tsare, Allah Ka rufa asiri. A bayana ina jin Baba shi ma yana tasa addu'ar ƙasa-ƙasa.

A Na'ibawa muka tsaya a bakin shataletale, inda duk mai zuwa Zariya zai bi. Rana kamar ta fasa kai. Kowace baƙar mota ta ɓullo sai in ɗaga hannu, sai ta matso in ga ba ita ba ce. Na ci gaba da kiran waya. Ban san tsawon lokacin da muka yi a wajen ba, a wurina dai ya yi kamar wuni. Can Baba ya tsallaka wajen wani mai faci da ke zaune a ƙarƙashin rumfa, ya kwatanta masa motar.

Mai facin ya ce, "Baƙa mai gurnanin nan? Ai ta wuce kafin ku tsaya. Da wata tsohuwa a gaba."

Ban san lokacin da na hau mashin ba. Muka miƙe hanyar Zariya, na murɗa shi har ƙarshe, yana kuka kamar zai tarwatse, amma na san ko rabin gudun motar nan ba ma yi. Abin da nake roƙo a lokacin ya canza. Ɗazu roƙona in tare shi ne. Yanzu roƙona in same ta a gefen titi ta mutu, kowa yana tsaye da ƙafarsa.

Muna cikin tafiya na hango baƙin hayaƙi ya tashi a gaba. Mashin ya yi tangal-tangal, Baba ya damƙe min riga. Da muka matsa sai muka ga bola ce ake ƙonawa a bayan wani gidan mai. Ban ji sauƙi ba. Daga nan ne ma idona ya faɗa kan kwalta, na ga ɗigon mai a jere, sabo, yana ƙyalli a rana, ya bi hannun da masu gudu suke bi. Hanyar nan manyan motoci nawa ne suke zubar da mai a kanta kullum, na gaya wa kaina haka. Amma ɗigon sai ƙara kauri yake yi, har ya zama layi.

Baba ya ce a kunnena, "Kalli gabanka, bar kallon ƙasa."

Dab da gadar Tamburawa muka ga taron mutane a gefen titi, da wata tifar yashi a tsaye a karkace. Hayaƙi fari-fari yana tashi a tsakiyarsu. Ta tsakanin ƙafafun mutane na hango baƙin fenti. Na taka birki, na sauka, na bar mashin ya faɗi. Daga inda na tsaya zuwa wajen bai fi taku talatin ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nauyinta ba. Ina tafiya ina kasa kunne ko zan ji kuka ko salati, don da su ake gane an yi rashi.

Bonet a ɗage yake. Injin nan mai sheƙi da na taɓa da safe an binne shi da yashi, wayoyi sun narke sun zama baƙin dunƙule, fentin bonet ya kumbura ya tattare. Warin ƙonanniyar roba da mai ya cika wajen. Wutar ta mutu, amma Baba ya cire fil ɗin tukunyarsa ya fesa ta ƙasan injin inda yake ta hayaƙi. Wasu majiya ƙarfi uku, masu lodin yashi daga kogin, suna tsaye da shebur a hannu suna haki.

Na dubi cikin motar. Ba kowa.

Sai na hango su a gindin wani mangwaro. Hajiya tana zaune a kan benci, dattijuwa mai jiki, carbi a hannunta, takalminta ƙafa ɗaya. Manaja yana tsugune a gabanta, wani yana zuba masa ruwan leda a hannun dama. Bayan hannun ya saluɓe, ya yi ja. Na durƙusa a wajen.

Direban tifar ne yake ba mutane labari. Ya ce yana bayansu ya ga hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin motar, ya yi ta danna hon. Kafin ta gama tsayawa wuta ta leƙo ta gefen bonet. Shi saurayin ya fito ya zagaya ya buɗe wa tsohuwar ƙofa, amma kujerar ta yi ƙasa, ita kuma tana da ciwon gwiwa, ta kasa tashi. Sai da mutum biyu suka ciccibo ta. Daga nan saurayin ya koma ya ɗaga bonet da hannunsa, shi ne ya ƙone, su kuma suka yi ta sheƙa yashi.

Ya ce, "Da ba yashi muka ɗauko ba, da yanzu wani zancen ake yi."

Manaja ya ɗago ya gan mu. Mamaki ya kama shi. "Malam? Wa ya gaya muku?" Bai jira amsa ba ya ci gaba. "Ka ga abin da mutanen nan suka yi min? Jabu suka aiko min. Gwangwanin nan ne, na tabbata. Wallahi sai na rubuta musu. Saura kaɗan su kashe min uwa."

Na dubi motar. Bawul ɗin roba ne, ya narke tare da tiyon. Ba mai iya gane inda kibiya ta kalla. Hoto ɗaya ne a duniya, yana cikin aljihuna, sai takarda a aljihun Baba. Na dubi Baba. Bai ce min komai ba, bai ma yi min alama ba, ya dai tsaya da tukunyarsa a hannu yana kallon ƙasa. Na san in na yi shiru, shi ma shiru zai yi har abada. Na kuma san gobe da jibi da shi zan zauna cin abinci.

Tsoron da na ji a hanya daban, wannan daban. Na tuna 'ya'yana, na tuna yadda ake yawo kamfani-kamfani a Sharada ana tambayar masu gadi ko ana ɗaukar ma'aikata. Har 'yan sanda na tuna.

Na matsa gaban Hajiya na tsuguna. Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan ba jabu ba ne. Ni ne na ɗaura bawul ɗin a juye. Ban karanta takardar ba. Bayan ka fita muka gane, na yi ta kiran wayarka, shi ne muka biyo ku."

Na fito da wayar na buɗe hoton na miƙa masa. Ya karɓa da hannun hagu. Ya daɗe yana kallo. Wani a baya ya ce, "Ashe makanikin ne." Na ji taron ya ɗan matso. Baba ya taka a hankali ya tsaya a bayana.

Manaja ya ce, "Ka ga kibiyar?"

"Na gani."

"Ka gani, ba ka tambaye ni ba? Ina tsaye a kanka fa."

Ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi, na sadda kai ina jiran duk abin da zai biyo baya. Sai Hajiya ta yi magana, a karo na farko.

"Zauna," ta ce masa. Ya tsaya. "Na ce ka zauna." Ya koma ya tsuguna. Ta juyo gare ni. "Kai ne mai gyaran?"

"Ni ne, Hajiya. Ku yafe min."

"Daga ina kuka biyo mu?"

"Daga Challawa."

"A kan wannan mashin ɗin, cikin ranar nan?" Ta dubi Baba da furfurarsa da tukunyarsa. Ta ja carbinta. "Ka yi ganganci, malam. Rai ba abin wasa ba ne. Na ga wuta da idona ina zaune na kasa tashi, ba zan ce maka ban ji tsoro ba." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma tun daga Na'ibawa nake ce maka ka rage gudu. Wayarka tana ta haske a aljihun ƙofa, na ce ka duba, ka ce sai mun isa. Allah Ya tsare, sai a gode maSa. A nemo min takalmina."

Ni na je na ɗauko takalmin a ƙarƙashin kujerar motar, cike da yashi. Na kakkaɓe na ajiye a gabanta.

Aka kira direban gidansu ya zo da wata motar ya kai su asibiti saboda hannun. Ta'aziyyar ba a je ba ranar. Ni da Baba muka zauna gadin motar har janwe ta zo bayan la'asar ta ɗauke ta zuwa garejin Bompai. Manaja bai ƙara ce min uffan ba har suka tafi. A hanyar komawa na kasa tuƙi. Baba ne ya karɓa, ni na koma baya na rungumi tukunyar da ba komai a cikinta.

Ran Litinin aka ba ni takarda, dakatarwa ta mako biyu, saboda barin bakin aiki ba izini. Ba a ambaci mota a ciki ba. Makonnin nan biyu ban san ko za a mayar da ni ba. Kullum da safe sai in yi wanka in sa kaya in zauna a soro, don kada maƙwabta su gane. Duk ƙarar wayata sai in yi sauri in duba ko daga kamfani ne. Matata na gaya mata gaskiya tun ranar farko. Ba ta ce komai ba sai, "Tunda ba a rasa rai ba." Amma na lura ta rage cefane. Baba yakan biyo bayan an tashi aiki, ya zauna kaɗan, ya ba ni labarin kamfani. Shi ya gaya min masu garejin sun ce injin bai mutu ba, wayoyi da robobi ne za a sauya duka, sai an jira su daga waje.

Ranar da wa'adin ya cika na je tun kafin a buɗe ƙofa. Maigadi ya dube ni, ya duba wata takarda, ya buɗe min. Na shiga ɗakin janareta na tarar da komai yadda na bar shi, har tsumman da na shimfiɗa a jikin motar yana rataye a ƙusa. Wajen ƙarfe tara na ji takun mutum a bakin ƙofa. Manaja ne, a ƙafa, hannunsa naɗe da bandeji. Na miƙe na gaishe shi. Wannan karon bai riga ni ba.

Ya ce, "An dawo?"

"Na dawo, ranka ya daɗe. Ya hannun? Ya jikin Hajiya?"

"Da sauƙi." Ya tsaya yana kallon injinan, kamar akwai abin da yake son faɗa. Can ya ce, "Ƙaramar janaretar tana yoyon mai tun shekaranjiya. A duba ta."

Na ce to. Ya juya ya tafi ofis, ni kuma na jawo akwatin sifanuna.